Fitilar da Ta Ƙifta Mini a Hanyar Tamale

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da yammacin da muka kai ƙawata Rahina gidan mijinta a Tamale ba. A jirgin sama muka kai ta, ɗan ƙarami, irin wanda in ka miƙa hannu za ka iya taɓa duk wanda ke ciki. Shi ne hawana na farko, kuma har yau da nake ba ku labarin nan ban sake ba.

Sana'ata sayar da ƙwan fitila. Babanmu yana da shagon kayan wuta a unguwar Alabar da ke Kumasi, waya da soket da makunni da sauransu, kuma tun da gwiwa ta fara hana shi zama mai tsawo ni ce a kan benci daga safe har magariba. Lokacin da ɗauke wuta ya addabi Kumasi, wanda muke kira dumso, mutane suka koma ƙwan LED saboda ba ya cin wuta, ni kuma na zama gwanarsa a layinmu. Ina da maganar da nake yi wa kowace mai saye: "Anti, wannan ƙwan jikokinki ma da shi za su yi karatu." (Wasu sukan dawo da shi kafin azumi ya zagayo. Sai in girgiza kai in ce wutar unguwarsu ce ba ta da kyau.) Abu ɗaya dai na sani wanda babu ƙarya a cikinsa: duk ƙwan LED da ya fara ƙiftawa, yana kawowa yana ɗaukewa, to kwanansa ya ƙare. Na ga wannan a shago sau ba adadi, har na kan gane shi ta wutsiyar ido.

Ban da sayar da ƙwai, babban aikina shi ne mafarkin ido biyu. Filin jirgi ba shi da nisa sosai da mu, saboda haka idan jirgi ya sunkuyo zai sauka muna ganin cikinsa. Sai in bar ciniki in bi shi da kallo, ina tunanin su wa ke ciki, me suka ci, wa ke jiran su. Mma, mahaifiyata, takan ce da ni, "Ke jikinki ne kawai ke zuwa shagon nan, hankalinki yana can cikin gajimare."

Rahina kuwa tun makarantar allo muke tare. Babanta Alhaji falken shanu ne, ita kaɗai ce 'yarsa mace, kuma da aka sa ranar aurenta da wani ɗan Tamale ya ce 'yarsa ba za ta isa gidan miji a jigace da hanya ba. Dangi da kayan ɗaki suka yi gaba a mota tun da asuba. Amarya kuma aka ɗaukar mata hayar ɗan ƙaramin jirgi, ita da gwaggonta Hajiya Memuna da ƙawa ɗaya. Da Rahina ta ce ni ta zaɓa, kwana na yi ina juyi, na saka kaya na cire a raina har na gaji.

Mai kwalliya ta ɓata mana lokaci, ba mu isa filin jirgi ba sai bayan la'asar. Ƙarshen damina ne, an ɗan yi yayyafi an ɗauke, kwalta tana sheƙi. Can gefe guda, nesa da manyan jirage, ga namu fari da ratsin shuɗi, farfela ɗaya a hanci. A gindinsa kuma ga matuƙin a tsaye, cikin farar riga, dogo, baƙi, da ɗan saje. Ya durƙusa ya gai da Hajiya da Hausar Zango tsantsa.

"Hajiya, sannunku da zuwa. Sunana Basit, ɗan unguwar Bantama ne ni. Ni zan kai ku da yardar Allah."

Hajiya Memuna 'yar siririya ce, ba ta da yawan magana, amma idan ta yi ɗaya takan isa. Ta dube shi, ta dubi jirgin, ta ce, "Wannan ne duka, ko akwai sauransa a ciki?"

Ya yi dariya. Ni kuma daga wannan dariyar ban ƙara zama daidai ba.

Kafin mu shiga ya zagaya jirgin yana dubawa, yana taɓa nan yana leƙa can. Da ya kunna fitilu sai na ga ja a ƙarshen fiffiken hagu, kore a na dama. Nan na ga ƙofa ta buɗe mini, don an zo fagena. Na gyara mayafi na matsa kusa da shi, na yi muryar da nake yi wa manyan kwastomomi.

"Kaftin, waɗannan LED ne ko?"

Ya juyo da mamaki. "Su ne. Kin san su ke nan."

"Sana'ata ce," na ce, kamar wadda ke da kamfani. "Suna daɗewa a jirgi kuwa? Don na san iska da ruwa ba sa barin abu."

Ya tsaya ya yi mini bayani a natse. Ya ce na da, masu ɗan zare a ciki, girgizar inji ce ke tsinka su, kullum cikin canji ake. Waɗannan kuwa ba su da zaren da zai tsinke, suna iya yin dubban awoyi masu yawa suna ci, kuma ƙaramin jirgi irin wannan ba wuni yake yi a sama kullum ba, saboda haka sai a yi shekaru ba a taɓa su ba. Ya ce galibi ba sa mutuwa farat ɗaya, haskensu ne ke raguwa a hankali, kuma in matsala ta zo, yawanci daga waya ne ko ruwa ya samu hanya ya shiga. Duk da haka kafin kowane tashi sai an duba.

"Wata fitilar," in ji shi, "sai matuƙin ya yi furfura tana nan tana ci."

Na gyaɗa kai irin na masana. A zuciyata kuwa abin da na ji shi ne furfura, na kuma gan shi da ita, a kan tabarma a tsakar gida, ina miƙo masa shayi.

Da aka zo shiga, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗan daɗe a kaina, sannan ya ce, "Ke za ki zauna gaba, kusa da ni." Na sunkuyar da kai don kunya. (Daga baya Rahina ta fahimtar da ni cewa lissafin nauyi yake yi. Akwatunan amarya suna baya, ita da Hajiya duk ba su da jiki, dole a sa mai nauyi a gaba don jirgi ya daidaita. Ni kuwa Allah ya sani ba na wasa da shinkafa da wake na safe.)

Ya ɗaura mana bel, ya ba kowa wani abin sawa a kunne mai ɗan makirfo da ke lanƙwasowa gaban baki. Na Hajiya a kan ɗaurin kallabinta ya zauna. Ya yi bayani mai tsawo a kan abin, da ƙofa, da abin da za a yi in kaza ya faru. Na ga bakinsa yana motsi. Ko kalma ɗaya ban riƙe ba, yatsunsa nake kallo a kan maɓallai.

Sai muka tashi.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na zaci zan ji tsoro, sai na ji kamar an zare mini wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi ban sani ba. Ƙasa ta saki tayoyinmu a hankali, Kumasi ta shimfiɗu a ƙarƙashinmu, rufin kwano ja-ja da tsatsa har iyakar gani, hasumiyoyin masallatai tsaye a tsakani, motoci suna tafiya kamar ba su da inda za su. Na nemi Alabar, na nemi layinmu, ban iya rabe su da sauran ba. Duk hayaniyar da na tashi a cikinta, masu turin kaya da masu kiran fasinja da rediyon maƙwabta, babu ko ɗaya da ya iso nan. Daga nan gari ya ƙare, daji ya karɓa, kore shar, da jajayen hanyoyi sirara da ke shiga cikinsa su ɓace. Inuwar gajimare tana tafiya a kan itatuwa. Rana ta yi ƙasa ta hagunmu, haskenta ya shigo ya kwanta a gefen fuskar Kaftin.

Babu mai magana. Amarya ta rufe fuska tana shirun amare, Hajiya tana jan carbi baki a rufe. Lokaci-lokaci nakan ji muryar Kaftin a kunnena yana magana da mutanen ƙasa da Turanci, gajeru-gajeru. Sai na ɗauka aikin abin kunnen ke nan, mu ji shi, ya kuma tare mana ƙarar inji.

Kafin mu wuce dajin na riga na gama aure. Gidanmu a unguwar Atonsu yake, mai baranda, da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Da yamma nakan fito da yara mu tsaya muna duban sama, in jirgi ya wuce da ja da kore sai in ce, "Ga Babanku can." Yaran biyu ne, Nuru da Munira. Har na ɗan yi fushi da shi a kan ya manta bai sayo mini cukun wagashi daga arewa ba, ya ba ni haƙuri, na haƙura. Duk wannan yana zaune kusa da ni, kafaɗarsa ta kusa taɓa tawa, yana duban agogunan gabansa.

Daji ya fara sirancewa, itatuwa suka rarrabu, wani babban kogi ya bayyana yana ɗauke da sauran hasken rana a bayansa. Sama ta koma ruwan goro, sannan ta fara yin shuɗi mai duhu. A lokacin ne na waiga dama don in ga koriyar fitilarmu.

Tana nan. Amma kusa da ita akwai wata fara, kuma tana ƙiftawa. Ta kawo, ta ɗauke. Ta kawo, ta ɗauke.

Na zuba mata ido. Da rana ban lura da ita ba, yanzu da duhu ya fara shigowa ga ta ƙuru-ƙuru, tana yin abin nan da na fi kowa sani. Na ce a raina wataƙila idona ne. Na rufe na buɗe, tana nan tana yi. Na tuna ya ce in matsala ta zo daga waya ne ko ruwa, ga shi kuwa an yi yayyafi kafin mu tashi. In ruwa ya shiga wayar fitila, ina ya tsaya? Na san yadda waya ɗaya ke cinye gida. Na saci kallon Kaftin, fuskarsa lafiya lau. Na ce wayyo, bawan Allah bai gani ba, ko kuma ya gani yana ɓoye mana don kada mu firgita. Na so in taɓa shi in nuna masa, hannuna ya ƙi tashi daga cinyata.

Sai muka shiga wani siririn gajimare. Komai ya yi fari-fari, hasken fitilar ya riƙa dawowa cikin jirgin kamar walƙiya. Ta yi haka sau kaɗan, sannan ta ɗauke ɗif. Na jira ta dawo. Ba ta dawo ba.

Na san abin da ke biyo baya. Na runtse ido na fara addu'a, ƙasa-ƙasa yadda na tabbata ƙarar inji ta rufe ni. Na ji muryata tana dawo mini a kunne, na ce ai don kunnuwan a toshe suke.

Na fara da kalmar shahada, wannan ba abin kunya ba ne. Da na tsaya a nan da ban sami labarin ba ku ba.

"Ya Allah," na ce, "fitila ta mutu, na san wannan alamar, wuta ce ta taɓa waya, faɗuwa za mu yi. Ya Allah ka yafe mini matan da na ce wa jikokinsu za su yi karatu da ƙwaina. Ya Allah kada ka ɗauke ni ban auri wannan bawan naka na kusa da ni ba, ga shi har na raɗa wa 'ya'yanmu suna, Nuru da Munira. Ya Allah Rahina ko ɗakinta ba ta gani ba. Hajiya dai ta ci zamaninta, ta je Makka, ta aurar da 'ya'ya, amma mu yara ne, ya Allah ka duba."

Na tsaya in ja numfashi. Sai wata murya ta shigo kunnena, a hankali, tsaf, kamar mai ita tana zaune a cikin kaina.

"'Yar nan, ni ma ban shirya ba tukuna."

Hajiya Memuna ce.

Ban buɗe ido ba. Na yi fatan jirgin ya cika abin da na ce zai yi. Kafin in gama wannan fatan sai kukan Rahina ya cika mana kunne, tana kiran babanta, tana cewa ita dama mota ta so. Ashe tun daga kalmar shahada suke ji, ita kuma ta san ni da fitila, in na ce ta mutu to ta mutu.

Kaftin ya yi gyaran murya. Ya yi magana irin ta mai lallashin yaro.

"Amarya, ki yi haƙuri, babu abin da ya samu jirgi. Fitilar nan dama haka aka yi ta, ƙiftawa ne aikinta, don wasu jirage su hango mu daga nesa. Ni na kashe ta da hannuna, saboda a cikin gajimare haskenta yana dawowa ya dame ni a ido. Ku duba."

Mun riga mun fito daga gajimaren. Ya miƙa yatsa ya taɓa wani ɗan maɓalli, fitilar ta dawo tana ƙiftawa abinta. Ya kashe, ya sake kunnawa. Ya ƙara da cewa ko da a ce ta mutu da gaske, ba ita ke riƙe da mu a sama ba, sai dai a sauka a gyara. A kan sauran abin da ya ji bai ce komai ba. Na dai ga gefen bakinsa yana rawa, ya juya yana duban tagarsa fiye da yadda ake buƙata.

Sauran tafiyar na yi ta ne fuskata manne da gilashi. Abin haushi, lokacin ne duniya ta fi kyau. Fitilun ƙauyuka suka fara kunnuwa ɗaya-ɗaya a cikin duhun ƙasa, can gaba kuma Tamale ta taso kamar an watsa garwashi a faranti. Na kalle su hawaye na zubo mini, na kuma riƙe numfashi don kada makirfo ya kai musu shessheƙata.

Da muka sauka, kwalliyar da aka wuni ana yi wa Rahina ta gangaro har haɓa, gashin idon da aka manna mata ɗaya ya rataya. Ga dangin ango can suna jira da motoci. A bayan fiffike muka tsaya, na buɗe jakata na shiga gyara ta da hasken wayar Hajiya. Rahina ta bari sai da na gama. Sannan ta dube ni ta ce, "Munira dai ba laifi. Amma Nuru sunan tsohon direban Baba ne, ki canza." Muka fashe da dariya har sai da na sake gyara mata ido.

Hajiya ta gyara kallabinta da abin kunne ya danne, ta kama hannuna. "Allah ya karɓi rabin addu'arki, ba mu faɗi ba. Ɗaya rabin kuma sai ki tambayi mai shi, ga shi nan tsaye."

Yana tsaye kuwa, riƙe da akwatin amarya. Na rasa inda zan sa idona. Ya ajiye akwatin ya ce, "Malama, laifina ne da ban gaya miki akwai mai ƙiftawa ba tun a ƙasa. Kuma na gode da addu'a." Sannan ya ƙara da cewa, "Aurena bayan babbar salla ne. A ina shagon naku yake? Muna neman fitilun ado."

Na gaya masa. Me zan ce?

Kwanakin bikin nan, duk inda na gifta sai in ji mata suna cewa a ba Maman Nuru kujera, a zuba wa Maman Nuru tuwo. Hajiya ba ta da yawan magana, na faɗa muku, amma wannan labarin ta ba da shi a ɗakin amarya, ta ba da shi a wajen girki, ta kuma ba da shi ta waya ga mutanen Kumasi, har da kwaikwayon muryata. Da aka tashi komowa aka ce akwai wuri a jirgi, na ce ina son in ga hanya. A motar dangi na dawo, a kujerar baya, tsakanin buhun doya da wata tsohuwa da ta tambaye ni ko ni ce wadda ta ce Hajiya ta ci zamaninta. Kafin in iso Alabar labari ya riga ni. Mma ta tare ni a ƙofa, ta karɓi jakata, ta ce, "Sannu da hanya. Ina jikokin nawa?"

Bayan salla kuwa sai ga Kaftin Basit a shago, shi da amaryarsa, wata malamar asibiti mai fara'a wadda daga yadda ta riƙe dariya na san an ba ta labari. Suka zaɓi fitilun ado masu yawa. Na tambaye su masu tsayawa suke so ko masu ƙiftawa, ita ta ce masu ƙiftawa. Na gwada musu kowace igiya a gabansu. Da ta tambaye ni ko suna daɗewa, na buɗe baki zan kawo zancen jikoki, sai na ce, "Za su kai ku ƙarshen biki in Allah ya so."

Na koyi cewa sanin da na yi wa fitila a bakin ƙofar shagonmu ya tsaya, kuma idan mai abu yana bayani gara in saurari bakinsa in bar kallon hannunsa. Mafarki dai ban daina ba, har yanzu in jirgi ya sunkuyo nakan bar ciniki in bi shi da ido. Sai dai duk roƙon da zan yi wanda ya shafi ɗan mutane, ko shekarun wata Hajiya, a zuci nake yin sa yanzu, baki a rufe. Wanda nake roƙo yana ji ba sai da makirfo ba.